Da an gurfanar da Oswald, da kotu ta same shi da laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Lauya. Musu ya kaure a majalisarmu ta Nima, a Accra, kan kisan Shugaba Kennedy na Amurka. Wasu sun ce Lee Harvey Oswald ne, wasu sun ce ɗora masa aka yi. Da ya kai gaban alƙali, hujjojin sun isa a hukunta shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina, da an yi shari'ar, da wuya ya kuɓuta. Sai dai ba a yi ta ba. An harbe Kennedy a Dalas ranar 22 ga Nuwamba 1963, kwana biyu bayan haka Jack Ruby ya bindige Oswald yana hannun 'yan sanda. Kwamitin Warren, wanda ya ce a 1964 Oswald ne shi kaɗai, kwamitin bincike ne, ba kotu ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce bindigar. An same ta a hawa na shida na ma'ajiyar littattafan da Oswald yake aiki, da kwanson harsashi uku a kusa da taga. Ƙirar Italiya ce, an yi odarta ta gidan waya a watan Maris 1963 da sunan A. Hidell, aka aika da ita akwatin gidan wayan Oswald. Masana rubutu sun ce hannunsa ne a takardar odar, kuma da aka kama shi an sami katin shaida mai wannan suna a tare da shi. Gutsattsarin harsashin da aka tsinta a motar shugaban ma daga wannan bindiga suka fito. Irin wannan shaida ce mai gabatar da ƙara yake so, domin takarda da ƙarfe ba sa canza magana. Ga kuma ɗan sanda J. D. Tippit da aka zargi Oswald da kashewa ƙasa da awa ɗaya bayan harbin shugaban, aka cafke Oswald a gidan silima da ƙaramar bindiga a jikinsa.

To ina lauyansa zai sa hannu? Mallakar bindiga daban, ɗana ta daban. Howard Brennan, mutumin da ya ce ya ga maharbin a taga, da aka jera masa mutane a daren nan bai tabbatar cewa Oswald ne ba, sai daga baya ya ce tsoro ne ya hana shi. Lauya mai kaifi zai wuni yana titsiye shi a kan wannan. Shatin tafin hannun da 'yan sandan Dalas suka ce sun ɗauka a jikin bindigar bai isa hukumar FBI tare da ita ba, ya biyo baya. Harsashin da aka tsinta a kan gadon ɗaukar majinyata a asibitin Parkland, inda aka kai Kennedy, wanda aka ce daga bindigar ya fito, ya bi hannaye da dama kafin ya kai ɗakin gwaji, kuma a kotu dole kowane hannu ya zo ya yi bayani. An shafe kusan awa 12 ana yi wa Oswald tambayoyi, babu naɗar murya, babu lauya, bai kuma amsa laifin ba. Matarsa Marina, wadda ta ba kwamitin bayanai masu nauyi, dokar Teksas ta lokacin ba za ta bari ta ba da shaida a kan mijinta ba.

Duk wannan yana rage ƙarfin ƙarar, amma ban ga ya rushe ta ba. Ma'aunin can da namu ɗaya ne: Dokar Shaida ta Ghana ta 1975 ta ce a tabbatar da laifi har kada shakka mai ma'ana ta rage. Shakka mai ma'ana ake nufi, ba kowane "wataƙila" ba. Batun ko akwai wasu a bayansa kuwa tambaya ce ta daban, don ko da akwai su, hakan bai wanke wanda ya yi harbin ba. Kwamitin majalisar Amurka na 1979 ya ce mai yiwuwa akwai haɗin baki, amma shi ma ya ce harsashin Oswald ne ya kashe shugaban.

Abin da ya sa nake cewa "da wuya ya kuɓuta", ba na cewa "an tabbatar", tarihinmu ne. Bayan gurnetin da aka jefa wa Shugaba Nkrumah a garin Kulungugu ranar 1 ga Agusta 1962, an tuhumi manyan jam'iyyarsa uku, Tawia Adamafio da Ako Adjei da Cofie Crabbe, jaridun jam'iyyar kuwa sun gama yanke musu hukunci tun kafin a zauna. Da kotun Alƙalin Alƙalai Arku Korsah ta auna shaidun a Disamba 1963, makonni kaɗan bayan Dalas, sai ta ce ba su isa ba, ta wanke su ukun. Nkrumah ya tuɓe Korsah, aka sake shari'ar, aka yanke musu kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. Ba su fito ba sai bayan juyin mulkin 1966.