Tambaya da Amsa: Zanen Lambun da Furanninsa Ba Su Fito Sarai Ba

Tambaya: An ba ni kyautar zanen lambun furanni da aka yi da fentin ruwa, wai salon Imfireshonis ne. Ni dai ɗigo-ɗigon launi nake gani, ba ganye ba reshe. Mai zanen ne bai gama ba, ko ni ce ban iya kallo ba?
Daga wata mai karatu

Amsa: Malama, ya gama aikinsa, kin dai matsa kusa da yawa ne. Ja baya taku uku ko huɗu, ki ɗan lumshe ido, sai ɗigon su haɗu su zama furanni. Masu wannan salo ba siffar fure suke bi ba, hasken da ya sauka a kansa a daidai wannan lokaci suke son kamawa. Sunan salon ma ya samo asali ne daga sunan wani zanen fitowar rana na Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, wanda aka baje a Paris a 1874.

Fara da neman wuri mafi haske. A fentin ruwa, farin da kike gani galibi takardar ce aka bari ba a taɓa ba. Fentin garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, siriri ne har haske na ratsa shi ya bugi takarda ya dawo, shi ya sa furen ke kamar yana walƙiya. Don haka daga launi mai haske ake farawa a ƙare da mai duhu, kuma in aka rufe farin, da wuya ya dawo. Nan ake gane gwani.

Sai inuwa. Ba baƙi za ki tarar ba, shuɗi ne ko shunayya, don in an sa shunayya kusa da rawaya, ko ja kusa da kore, kowanne na ƙara fito da ɗan'uwansa. Duba bakin furannin kuma: inda launi ya narke cikin wani, takarda na jiƙe aka shafa, inda baki ya fito tsaf kuwa, sai da ta bushe. Zane mai kyau na da duka biyun.

Aibin da ya kamata ki lura da shi shi ne launi mai kama da taɓo. Yana faruwa in an gauraya launuka da yawa, ko an yi ta komawa wuri ɗaya da burushi kafin ya bushe.

Tambaya: A ina ya dace in rataye shi?

Amsa: Bangon da rana ba ta bugawa, nesa da danshi. Rana na sa launin ya koɗe, danshi kuma na kawo tabo ruwan ƙasa a takardar. A sa shi a firam mai gilashi, da kwali marar asid a kewaye don kada takardar ta manne da gilashin.