Amsa ga 'yar'uwar da ta ce anya sauya labarin kai ba yaudarar kai ba ne

'Yar'uwa, kin tambaya ko wannan hanya ta warkar da damuwa ta hanyar labari ba yaudarar kai ba ce, kuma ko mutum zai iya yin ta shi kaɗai. Na kusa shekara uku ina amfani da ita, bari in faɗa miki abin da na gani.

Mutum biyu ne suka assasa ta a shekarun 1980, Michael White a birnin Adelaide na Ostireliya da David Epston a New Zealand. Tushen tunaninsu shi ne rayuwar mutum ta fi labarin da yake bayarwa a kanta faɗi. Cikin dubban abubuwan da suka same ki, kaɗan kike tsintowa ki jera, sai ki ce ai ni ke nan. White ya ɗauki darasi daga masanin falsafar nan na Faransa, Michel Foucault, wanda ya nuna yadda ma'aunin da jama'a suka kafa yake shiga ran mutum, har ya koma shi ke sa wa kansa ido yana yanke wa kansa hukunci. Shi ya sa masu wannan hanya suke raba mutum da matsalarsa, su ɗauke ta a matsayin wani abu dabam da shi.

Lokacin da na rasa aikina, kullum maganata ɗaya ce, ni ba ni da amfani. Sai na raɗa wa abin suna, na kira shi Karaya. Da dare in ɗauko littafi in rubuta, yau yaushe Karaya ta shigo, me ta raɗa mini a kunne, ina ta hana ni zuwa. Wata rana ina cikin rubutu na tuna cewa a makon da ta fi danne ni, ni ce na kai ƙanwata asibiti, na kwana biyu a kan kujera a gefen gadonta ina jiƙa mata tsumma ina ɗora mata a goshi. Wallahi sai da na yi kuka. Abin ya faru da gaske, labarin rashin amfani ne ya binne shi don bai yi daidai da shi ba. Mai yaudarar kansa ƙirƙira yake yi, ni kuwa tono abin da ya auku na yi.

Batun yi ke kaɗai kuwa, rubutun za ki iya, amma sabon labari yana son shaida. Ni aminiyata na karanta wa, ita ma ta tuno mini da wasu abubuwan da na manta. In kuma damuwar ta kai barci ya gagara, ko tunanin cutar da kanki yana zuwa miki, don Allah ki je wurin likita, littafin ya jira.