Tantanin da Ba a Tsagawa da Garaje

Ka tambaye ni, ɗana, rufi nawa aska take ratsawa kafin ta kai ga ƙwayar maraina idan ana fiɗiyar dabba, da kuma dalilin da ya sa nake daɗewa ina lalube kafin in yanka. Ba zan ɓata bakina a kan kayar da dabba da wanke hannu ba, wanda bai san wannan ba ya koma kiwo.

Fata ce a waje, a ƙarƙashinta akwai siririyar tsokar da take tattare jakar idan sanyi ya sauka. Daga nan sai yana-yana da tsokar da ke jan maraina sama, sai tantani mai ninki biyu da ɗan ruwa mai santsi a tsakaninsa, sannan farin ɓawo mai tauri wanda ya manne wa ƙwayar. Tantanin nan shi ne abin tsoro, domin shimfiɗar kogon ciki ce ta biyo maraina ta sauko, kuma a jikin doki ƙofar da ta haɗa su ba ta toshewa.

Wani dillali ya taɓa kawo mini ingarma akawal, ya rantse lafiyarsa ƙalau, alhali ya san ɓarin hagu yakan kumbura ya sace. Ya jira sai da kumburin ya koma ciki. Ni kuma ina taƙama hannuna ya faɗa, ban laluba matsematsi ba, na tsaga tantanin na bar shi a buɗe. Dokin yana miƙewa sai ga hanji yana sulɓowa ta tsagar, yana sheƙi, har ya kusa taɓa ƙasa. Da rawanina na tallabe shi, amma kafin la'asar dokin ya mutu. Mutumin nan ya kai ni gaban mai unguwa, ya ce ganganci na yi, sai da na sayar da shanun nomana biyu na biya shi. Har yau idan na hango shi a kara raina ɓaci yake yi.

Ku yaran yanzu da kun ga bidiyo a waya sai ku ɗauki aska. Idan yatsanka ya ji wani abu mai laushi banda ƙwaya da igiyarta, ka ajiye askar a kira likitan dabbobi, shi zai ɗaure tantanin tare da igiyar.