Tambayi Likita: Jijjigar Zazzaɓi da Farfaɗiya a Wurin Yara

Tambaya: Likita, ɗan maƙwabcinmu yana da farfaɗiya. Wai in yawunsa ya taɓa yarana za su ɗauka? (Wata uwa, Gusau)

Amsa: Ba gaskiya ba ne, Hajiya. Matsala ce ta ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarta ta yawu ko kwano. Su ci tare, su yi wasa tare. In ta kayar da shi, kada a watse a bar shi.

Tambaya: 'Yata mai shekara ɗaya da rabi ta yi zazzaɓi, sai ta sandare tana jijjiga. Kakarta ta sa mata cokali a baki, aka kara ƙafafunta a wuta. Yanzu an ce in riƙa ba ta maganin hana jijjiga Phenobarbitone kullum, in ba haka ba za ta zama mai farfaɗiya, kuma ba za ta yi karatu ba. (Wani uba, Zariya)

Amsa: Malam, bari in fara da wutar, domin ita ta fi ɓata mini rai. Yarinyar da ba ta cikin hayyacinta ba za ta janye ƙafa ba. Jijjigar takan wuce cikin 'yan mintuna, ƙunar kuwa mu yi wata muna wankinta. Cokali karya haƙori yake yi, kuma babu mai haɗiye harshensa. Ɗura ruwa, manja ko rubutu a wannan hali shaƙe yaro yake yi. A gaya wa Inna cikin ladabi, amma a gaya mata. Kwantar da yarinya kawai za a yi ta gefe, a sassauta tufafi, a duba agogo. In ta kai minti 5, sai asibiti a guje.

Game da tsoronka, an daɗe da samun amsa. Wata likitar ƙwaƙwalwar yara a Amurka, Karin Nelson, da abokin aikinta Jonas Ellenberg sun bibiyi yara 1,706 da suka yi jijjigar zazzaɓi har suka kai shekara 7. A 1976 suka fitar da sakamako: kusan 2 cikin 100 ne kawai suka samu farfaɗiya. A 1978 suka gwada basirar irin waɗannan yara da ta 'yan'uwansu na ciki ɗaya, ba su ga wani bambanci ba. Kafin aikinsu, likitoci da yawa kan ɗora yaro a kan Phenobarbitone shekara da shekaru, don masu tsananin ciwo da ake kwantarwa su ne suka fi gani. Wannan bincike na cikin abin da ya sauya lamarin. A 1990 kuma wani gwajin ya nuna yaran da ake ba maganin kullum sun ɗan gaza a gwajin basira. Saboda haka kada ka je kemis ka saya.

Ka sani jijjigar kan dawo wa kusan yaro ɗaya cikin uku in zazzaɓi ya sake zuwa. Wannan ba farfaɗiya ba ce.

Sai dai fa yaran da Nelson ta bibiya ba a ƙasar sauro suke ba. Mu nan, zazzaɓi da jijjiga na iya zama maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, musamman lokacin zafi. Waɗannan kisa suke yi. Ko ta farfaɗo tana wasa, a kai ta a gwada jini ranar. In wuya ya sanƙare, ko barcin ya yi nauyi, ko gefe ɗaya ne ke motsi, kada a jira gari ya waye. Ƙunar ƙafar ma a nuna wa ma'aikacin lafiya, kada a shafa toka ko man goge haƙori.

Tambaya: Ɗana ya shekara bai faɗi ba. In daina ba shi maganin? Kuɗin ya yi yawa. (Wata uwa, Maraɗi)

Amsa: Na san nauyin, 'yar'uwa, amma kada ki yanke shi lokaci guda, yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Mukan jira kamar shekara 2 babu faɗuwa, sannan likita ya rage a hankali. Ki faɗa masa batun kuɗin, wataƙila akwai mai rahusa.

Tambaya: Jaririna ɗan wata 6 yakan zabura ya dunƙule, sau da yawa a jere, in ya tashi daga barci. An ce ciwon ciki ne. (Wata uwa, Kumasi)

Amsa: Wannan kada a yi sake da shi. Yana kama da wata farfaɗiyar jarirai da likitan Ingila William West ya bayyana a 1841 a jikin ɗan cikinsa, kuma jinkiri na taɓa girman ƙwaƙwalwa. Ki ɗauki bidiyonsa a waya, ki kai wa likitan yara gobe da safe, ki roƙi a yi masa gwajin ƙwaƙwalwa na EEG.