Keke, tuddai da tsofaffin gine-gine a yini guda

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya haɗa tuƙin keke a ƙasa mai tuddai da ziyarar wuraren tarihi a rana ɗaya. Zai yiwu sarai, amma kada ka auna tafiyar da kilomita kaɗai, ka duba tsayin da za ka hau. Hanya mai tudun kashi 5 cikin 100 tana ɗaga ka mita 50 a kowace kilomita, ƙafa kuwa tana jin kowace mita.

Mutanen zamanin da sukan kafa ganuwa da hasumiya a kan tsauni don su hango abokan gaba tun daga nesa. Shi ya sa hawa mafi tsanani yakan zo daf da ƙofar wurin, daidai lokacin da cinyoyinka suka fara rawa, gumi na shiga ido. Sauko da giya tun kafin tudun ya kama ka, kada ka jira sai sarƙa ta ɗaure. Ni dai faifan sarƙa mai haƙora 34 a gaba da mai 32 a baya sun ishe ni, ina zaune a kan sirdi ina juya feda a hankali.

Gangara ce ta fi ba ni tsoro. In ka danne birki ba sassautawa, zai yi zafi ya rage kamu. Matsa ka saki, kuma rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.

Takalmin keke mai maƙalewa a feda yana santsi a kan tsoffin matakalar dutse, don haka sa takalmi mara nauyi a jaka, tare da kwaɗon kulle keke. Wuraren tarihi biyu sun isa a yini guda. Ka bincika lokacin rufewa tun ana gobe tafiya, ka fara da mafi nisa da sanyin safiya.