Yarona ya nace sai ya leƙa ƙarƙashin teku, ni kuma ko kududdufi ban taɓa shiga ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni 'yar Kano ce aure ya kawo ni Jidda shekara tara kenan. Yarona ɗan shekara 7 tunda muka kai shi Fakieh Aquarium ya ga kifaye ta bayan gilashi bai bar mu mun huta ba, wai shi sai ya je ya gan su a gidansu, irin wanda ake sa tabarau na ruwa da bututu a baki mutum ya kwanta a saman ruwa yana kallon ƙasa. Babansa ya iya iyo sosai kuma ya ce zai kai shi Abhur, bakin tekun da ke arewacin Jidda, a hutun nan, ni kuma wallahi gabana faɗuwa yake, tun muna yara ake ja mana kunne da ruwa, kuma akwai ɗan maƙwabtanmu da ruwa ya ci a kududdufi wata damina har yau ban manta kukan uwarsa ba. Yaron ya ɗan iya iyo a suwimin ful amma ba can ba. In hana ne ko in bari? Idan zan bari me ya kamata in sani?

Daga wata uwa a Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan yaron nan ya ba uwarsa haƙuri. Tsoronki yana kan hanya, kar wanda ya ce miki ƙauyanci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Amma duk da haka ni dai shawarata ki bar shi ya je, da sharuɗɗa, kuma ke ma ki bi su.

Sharaɗin farko wanda babu ciniki a kansa shi ne babansa yana cikin ruwan tare da shi, kusa yadda in ya miƙa hannu zai taɓa shi, ba wai yana zaune a bakin ruwa da waya yana ɗago kai jefi-jefi ba. Mutane suna zaton wanda ruwa ke ci ihu yake yana bubbuga ruwa, alhali yawanci shiru ake yi, yaro ba ya samun numfashin da zai yi kira ma. Na biyu a sa masa rigar ruwa mai hana nutsewa, laif jaket, daidai jikinsa mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga, in ta taso har kunnensa to ta yi masa yawa. Robar nan da ake hurawa a sa wa yara a damtse kayan wasa ce, kar a dogara da ita a teku.

Toh sai kayan. Tabarau ɗin ki gwada shi tun a shago, a ɗora masa a fuska ba tare da an sa igiyar ba ya ɗan ja iska da hanci, in ya manne bai faɗo ba ya yi daidai, in ya faɗo ruwa zai dinga shiga kuma wannan kaɗai ya isa ya ɓata masa ranar. Bututun ma na yara za a saya, gajere siriri, saboda iskar da mutum ya fitar tana saura a ciki, in bututun ya yi girma ƙaramin huhu ba ya iya kore ta duka sai ya yi ta maimaita tsohuwar iska har kansa ya fara ciwo. Wannan dalilin ne ya sa ni ba na son irin wanda ke rufe fuska gaba ɗaya ga ƙaramin yaro, ga shi in ya firgita cire shi ba sauƙi. In gilashin yana yin hazo, ɗigon shamfu na jarirai a shafa a ciki a ɗauraye, wasu yawu ma suke sawa kuma yana yi.

Kar ranar Abhur ta zama ranar da zai fara sa su. Ya fara a gida, ko a baho ne ya sunkuyar da fuska yana numfashi ta baki a hankali kina ƙirga masa, sannan a suwimin ful kwana biyu ko uku, ya koyi abu ɗaya mai muhimmanci, in ruwa ya shiga bututu ya hura da ƙarfi ya fita ko kuma kawai ya ɗago kai ya cire ya tofar, babu gaggawa. Dole sai ya kurɓi ruwan teku ko sau ɗaya ne, ki gaya masa tun a gida cewa da gishiri sosai har da ɗaci kar ya tsorata. Bahar Maliya, wato tekun nan na Jidda, tana cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, wajen giram 40 a kowace lita, sauran tekuna wajen 35, saboda rana tana ƙafar da ruwan kuma babu wani kogi da ke zuba a cikinta duk shekara. Abin daɗin shi ne wannan gishirin yana taimakawa jiki ya taso sama, rashin kogi kuma shi ya sa ruwan yake garai-garai babu laka.

Na taɓa raka jikata irin wannan fita tana shekara 8, ina tsaye ruwa iya ƙuguna kawunta yana riƙe da hannunta. Da farko ta ƙi sa fuska, tana ta cewa a bari sai anjima, babu wanda ya matsa mata. Can sai ta sunkuya, ba ta yi daƙiƙa goma ba na ji tana ihu ta cikin bututu maganar ba ta fita, na ɗauka wani abu ne ya cije ta hankalina ya tashi, ashe cewa take kifi mai launin tsanwa da shuɗi yana cin dutse kuma tana jin ƙarar haƙoransa. Gaskiyarta kuwa, akwai shi, bakinsa kamar na aku, gansakukar da ke jikin murjani, wato abin nan mai kama da dutse a ƙasan teku, yake kankara ya haɗa da dutsen ya niƙe ya fitar da shi farin rairayi. Yarinyar da duk sanin kifinta tarwaɗa ne da ƙarfasa a faranti, ranar har muka dawo gida ba ta yi shiru ba, ta rantse kifin ya kai hannunta tsawo, kuma ba ƙarya ta yi ba, ta cikin tabarau komai yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ya matso kusa. Kifi sama da iri 1,000 ke cikin wannan tekun, wasu babu su a ko'ina sai nan, kinga kuwa a bakin ƙofarku Allah ya ajiye muku.

Murjanin nan kuma da iyayenmu ke ɗaurawa a wuya, wanda aka ambata a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u, dangin abin da zai gani ne, duk da jan da ake yin tsakiya da shi yawanci daga Bahar Rum ake samo shi. Ki gaya masa abu ne mai rai, ƙananan halittu ne dubbai suke gina gidan da kansu, wani irin ma a shekara guda da ƙyar yake ƙara santimita 1, in aka taka aka karya an ɓarar da ginin shekaru. Saboda haka doka ɗaya ce, ido ya kalla hannu ya tsaya a jiki. Wannan dokar shi ma tana kare shi, akwai murjani mai ƙuna kamar wuta in an shafa, akwai wata baƙar aba mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke maƙalewa a ramukan duwatsu, akwai kuma kifin da ke kwanciya a ƙasa kamar dutse mai dafi ƙwarai a ƙayar bayansa. A sa masa takalmin ruwa mai kaurin ƙasa, kuma in Allah ya kiyaye ƙayar kifi ta soke shi a tsoma wurin a ruwa mai zafi iya yadda fata za ta jure ba tare da ta ƙone ba, a wuce asibiti kai tsaye.

Ku je da safe kafin iska ta taso, wurin da hukuma ta ware don iyo kuma akwai masu ceto, nesa da inda jiragen ruwa ke wucewa. Ki tuna wa babansa cewa a gaɓar Bahar Maliya sau da yawa ruwan yakan tafi ba zurfi har wani nisa sai kwatsam ƙasa ta yanke ya koma shuɗi mai duhu, babba ma gabansa yana faɗuwa balle yaro, ranar farko su tsaya inda ƙafar baban ke taɓa ƙasa. Minti 15 zuwa 20 ya isa a fito a sha ruwa, kuma a sa masa riga mai dogon hannu don rana tana dukan baya da ƙeya mutum bai sani ba, baƙar fata ma tana ƙonewa. In yana mura ko tari a ɗaga sai wani satin.

Ke kuma don Allah a gabansa kar ki yi ta salati kina riƙe ƙirji, yara suna karanta fuskar uwa kafin su ji maganarta, ki yi masa addu'arki ki tofa masa tun a mota. In kin samu wurin da ya dace da ke, kaya masu rufe jiki na iyo suna nan a kasuwa, ki shiga iya gwiwa ki riƙe hannun maigidan ki ari tabarau ɗin ki sunkuya ko sau ɗaya ne, ba sai da bututu ba, ki riƙe numfashi ki leƙa ki ɗago. Ki rubuto mana in kun dawo, ina son jin kifin da ya fara gani.