Turaren lemun tsami mai ƙamshin kek: yadda za ki gwada shi kafin ki saya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Mabera ce a nan Sakkwato. Na ji ƙamshin wani turare a jikin wata 'yar'uwa, kamar kek ɗin da aka saka wa lemun tsami da sukari. Ina son irinsa mai sauƙin kuɗi, amma wanda na taɓa saye ƙamshin lemun ya gudu kafin in isa inda za ni. Jabu aka ba ni ne? Kuma yaya zan zaɓi mai kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba lallai jabu ba ne. Saurin gushewa ɗabi'ar ƙamshin lemu ce, a turare mai tsada da mai araha duka. Sinadarin da ya fi yawa a man ɓawon lemun tsami, wato limonin, mara nauyi ne, yana saurin bin iska. A jikin mutum yakan yi minti 15 zuwa 30 ya tafi, kuma a zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, ba ya ma kaiwa haka. Abin da ke zama shi ne na ƙasa: banila, karamel, almiski, da wani sinadari mai ƙamshin sukarin da aka narkar, etil maltol. Turaren Angel na kamfanin Mugler, wanda ya fito a 1992, shi ya buɗe wa turaruka masu ƙamshin kayan zaƙi kasuwa, kuma da wannan sinadarin ya yi suna.

Saboda haka idan kin je saye, ki sa a ranki cewa banilar za ki biya wa kuɗi, domin ita za ki wuni da ita.

Ki je shagon turaren, jikinki ba humra, tufafinki ba su sha turaren wuta ba, in ba haka ba hancinki zai ruɗe. Ki fesa sau ɗaya a bayan hannu, kada ki goga, ki bari alkohol ɗin ya bushe kamar minti 2 sannan ki shinshina. Kada ki wuce turare biyu, ɗaya a kowane hannu. Daga nan ki fita ki yi sauran cefanenki.

A shinshinar farko ki lura ko lemun ya yi kama da sabon ɓawo ko kuwa da sabulun wanke kwanuka. Na biyun alama ce an cika sinadarin sitral, mai ƙamshin lemun tsami mai kaifi, ba a tausasa shi ba, kuma ya fi faruwa a masu araha sosai. Bayan rabin awa ki sake ji. Nan ne mai kyau ke nuna kansa: tsamin bai ɓace ɗungurungum ba, ya narke cikin zaƙin. Bayan awa 3 ko 4, sa'ad da gumi ya taɓa shi, ki ji na ƙarshe. Idan ya koma warin ƙonannen sukari, ko ya hau miki kai, ki bar shi komai kyawun kwalbarsa.

Cikin masu sauƙin kuɗi, Soft na kamfanin Al-Rehab na Saudiyya ya daɗe da suna a wannan layi: lemu, karamel da banila. Yana zuwa a 'yar kwalbar mil 6 ta shafawa, kuma mai ne ba alkohol, ga wadda ke gudunsa. Idan kina son ma'auni, ki shinshina Devotion na kamfanin Dolce & Gabbana, na 2023, ki ji yadda lemu mai sukari ke zama a kan banila, ko da ba za ki saya ba. Na fesawa kuwa ki duba rubutun kwali: wanda aka rubuta wa EDP (Eau de Parfum) yakan ɗauki man ƙamshi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, EDT (Eau de Toilette) ƙasa da haka, wanda ake fesa wa jiki bayan wanka kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai. In mai shago yana ɗura wa mutane a ƙananan kwalabe, ki fara da mil 5. Feshi ɗaya wajen kashi ɗaya cikin goma na mil ne, kin ga kina da feshi kusan 50, sun isa ki san halinsa.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne inda kwalbar ta zauna kafin ta zo hannunki. Man lemu yana lalacewa da rana, zafi da iska, ya koma wari mai kaifi, har ya iya sa ƙaiƙayi. Kada ki karɓi wadda aka jera a tebur rana na dukanta, ki ce a ɗauko miki ta cikin kwali. A gida ma ki ajiye ta cikin durowa, ba bakin taga ko cikin mota ba. Amma in kin ga ruwan ya ɗan yi duhu bayan watanni kuma ƙamshin bai canja ba, banila ce, haka take yi. Sai dai tana bar wa farar shadda da farin hijabi tabo, don haka ki fesa a cikin tufafi ko daga nesa.

Da hunturu irin wannan turaren ya fi daɗi, amma busasshiyar fata ba ta riƙe shi. Ki fara shafa basilin ko wani mai mara ƙamshi a wurin, sannan feshi 3 ko 4. Da bazara feshi 2 sun wadatar, kuma ki kai su inda tufafi ke rufewa, domin wasu mayukan lemu, musamman bagamot da ba a tace ba, suna sa fata ta yi duhu idan rana ta doke ta. Humra mai sandal da farin almiski tana tafiya da shi lafiya, amma turaren wuta mai nauyin udu zai danne lemun gaba ɗaya. In kina son tsamin ya dawo da yamma, ki riƙe 'yar kwalba a jaka ki ƙara feshi ɗaya bayan La'asar.